Gefe na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina wannan kanti
a gangaren wani titi mai duwatsu a birnin Porto,
inda iskar kogi da hayaƙin gasasshen kifi
ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Sana'ata duba baki ce,
bakin leda, inda aka liƙe.

Ranar Talata, ruwa na tsugawa,
Ermelinda Paiva ta shigo da laima mai karyayyen haƙarƙari,
ta ajiye shuɗin kwali a teburina.
Sulalla bakwai, kowanne a ɗakinsa,
a rufe tun zamanin da ake kashe eskudo.
"Na Custódio ne," in ji ta. "Har ya rasu bai buɗe ba.
Nawa za ka saya?"

Na jawo fitila, na sa gilashi a ido.

Inji in ya liƙe leda ba ya numfashi,
haƙoransa a jere, tazara ɗaya, zafi ɗaya.
Gefe uku haka na tarar.
Na huɗun ya yi rawa.
Nan ya yi kauri, can ya tattare,
ga wani ɗigo ruwan ƙasa a kusurwa.
Sawun dutsen guga ne, na san shi
yadda masunci ya san ruwan da ke cin mutum.

Na ɗora a sikeli, nauyi ya gaza.
Shida sun dushe tare, kamar 'yan ɗaki ɗaya
da suka tsufa a inuwa guda.
Na bakwai, gurbin azurfa,
wani baƙo ne zaune a ciki,
sulen kasuwa da ya sha hannu,
da zanen babban yatsa kwance a fuskarsa.

Na ga aikin 'yan damfara ba adadi.
Su sukan goge, su daidaita shekara,
su sa safar hannu, su sayi injin liƙi.
Wannan ko ƙarya bai iya ba.

Na ce, "Uwargida, an taɓa buɗewa."
Na miƙa mata gilashin, na nuna ɗigon.

Ta daɗe a sunkuye.
Taragon titi ya wuce, tagogi suka kaɗa.

"Farar rigata," ta ce.
"Hunturun da Graça ta kwanta ciwon ƙirji.
Ya shigo da magani, wai kyauta aka ba shi wurin aiki.
Washegari na ɗora guga,
wani abu ya manne a wuyan rigar, yana wari.
Shekara nawa ina zargin kaina da sakaci,
shi kuwa yana shan shayinsa, bai ce uffan ba."

Ta yi wata dariya da ba ta ƙarasa ba.

Na faɗi farashi, don shi ta zo ji.
Bai kai kuɗin sabuwar laima ba.
Ta share ledar da hannun riga,
ta tura kwalin cikin kwat, ɓangaren hagu,
ta fita cikin ruwan.

Littafina layi biyu gare shi:
na asali, da wanda aka sake liƙewa.
Na riƙe alƙalami har fitilun titi suka kama.
Na rubuta a na biyu, don nan ne gurbinsa,
sannan na rufe kanti da wuri.