Gadon Ozella

Shekara talatin da ɗaya ina rabon wasiƙa
a unguwar bakin kogi, can kudancin Luwiziyana.
Na san karen da ke haushi, na san wanda ke cizo,
na san ƙofar da takardar bashi ba ta ɓacewa.
Titinmu guda ne. Ƙafata ce shaida.

Sai aka ƙidaya mutane, aka kai lissafi babban birni.
Wani saurayi, in ji su, a bene hawa na tara,
ya zauna gaban na'ura, shayinsa na hucewa.
Bai san warin kogin nan bayan ruwan sama ba.
Ya ja layi.

Layin ya bi tsakiyar titi kamar tsagar kitso,
ya kauce wa coci, ya haɗiye makaranta,
ya yi kwana a shagon askin Cleophus,
ya miƙa wuya mil saba'in cikin gonakin rake
ya ɗebo mana 'yan'uwan da ba mu taɓa gaisawa ba.
Da na ga taswirar a jarida, na ce
wannan ai ƙaguwa ce da mota ta taka.

Hannun dama, mazaɓa ta biyu.
Hannun hagu, ta biyar.
An kwance tsintsiya, an ce kowane tsinke ya yi shara.
Cleophus ya ɗaga reza daga wuyana, ya ce:
"Da mu muke tayawa a kasuwar nan,
yanzu mu ne a kan faifai."

Damina ta zo, kwalbati ya toshe.
Ruwa bai karanta taswira ba,
ya shiga dama, ya shiga hagu, ya kwana a ɗakin kowa.
Aka rubuta koke biyu. Ni na ɗauka.
Ni kuma na dawo da amsa biyu, takarda mai santsi.
Wakili Arceneaux ya ce bakin kwalbatin ba nasa ba ne.
Wakiliya Delahoussaye ta ce wutsiyarsa ce kawai tata.
Dukansu sun gode mana ƙwarai.

Akwai gida ɗaya a kan kwana, mai shuɗin fenti,
gidan Ozella Batiste, shekararta tamanin da huɗu,
wadda ta tsaya a rana tana budurwa
har sau uku kafin a rubuta sunanta cikin masu zaɓe.
Layin ya shigo mata ta taga,
ya bar murhu a ta biyu, ya jefa gado a ta biyar.

Ta sa hular coci, ta tafi ofis.
Akawu ya duba littafi, ya sake dubawa,
ya ce: "Inda kike kwana, nan ƙuri'arki take."
Ta ce: "To."

Ran Asabar ta tare ni a ƙofa.
"Ajiye jakar nan, Alcide, kama min ƙafar gado."
Ƙarfe ne, tun na mahaifiyarta.
Muka ja, ya ƙi ƙofa, muka kwance shi, muka ɗaura,
muka girke shi tsakanin murhu da firji.
Ta zauna a kai tana haki, tana dariya.
"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Maƙwabtana suna nan ɓangaren, nan zan kwana.
In sun sake jan layi,
ka dawo, mu sake ja."

Ƙuri'a ɗaya ce, na sani.
Ba ta buɗe kwalbati ba.
Bayana kuwa har yau yana tuna min ranar.
Amma kullum in na tsallaka titin nan,
sau arba'in kafin azahar,
nakan duba ƙasa, ban ga layi ba,
sai sawun ƙafafun gado a dandamalin Ozella
da ƙanshin wake yana fitowa daga ɗakin barci.