Sana'ar Tsuguno

Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da tsuguno,
bayan mai gora, fuskata cikin kejin ƙarfe,
ina yi wa majefi magana da yatsu.
A Marakaibo ko direban tasi ya san lambar rigata.

Daren Talata ne, zagaye na bakwai.
Ƙwallo ta gogi gora, ta sauko a karkace,
ta sami daidai inda sulken ƙafa ya zame.
Ƙas!
Kamar an taka sakaina.
Mutum dubu ashirin suka yi tsit,
har na ji muryar mai tallan giya can sama.

Likita Urdaneta ya ɗaga hoton ƙashi a hasken fitila:
ƙoƙon gwiwa ya rabu uku.
Kusa biyu, da waya a naɗe kamar lamba takwas.
Na ce, yaushe?
Ya ce tafiya, wata uku. Gudu, shida.
Na ce, tsuguno fa?
Ya cire tabarau ya shiga gogewa.

Kowa ya zo dubiya sai ya ba ni ƙarfin gwiwa.
Na gode,
amma ita gwiwar ba ta jin magana.

Yanzu kullum da safe Yahaira ke zuwa da ma'auninta,
ta lanƙwasa ƙafar, ni kuwa in ciji tawul.
Sittin. Saba'in da biyar.
Tasa'in ta ci mini makonni huɗu.
Mai cafke ƙwallo sai da ɗari da arba'in.
Cinyata ta zube, ta koma kamar ta wani.

A rediyo, yaron da na koya wa riƙon safar hannu,
Keiber, ɗan shekara ashirin,
ya cafke ɓarawon zango biyu a dare ɗaya.
Na tafa masa. Sannan na kashe rediyon.

In hadari ya haɗu a kan tafki
ƙusoshin nan kan riga kowa sani.

Jiya igiyar takalmin Marielis ta kwance a ƙofar makaranta.
Ban yi shawara da kowa ba,
sai ga ni a ƙasa, duga-dugai a ɗage,
kamar ina jiran jifa.
Na ɗaure mata.
Tashi ya gagara.

Ta juyo mini da kafaɗa, 'yar shekara shida,
ta ce, Baba, dafa nan,
amma yi sauri, an kaɗa ƙararrawa.