Mai Lamba Sha Bakwai

A ɗakin ƙasa na gidanta a Terre Haute
Loretta ta kafa zanen gado a bango.
Majigi ya yi tari, ya kama.

Motoci kamar gwangwanayen kifi
suna zagaya jar ƙasa.
Fim ɗin bebe ne,
ita ke yi musu ƙugi da baki.

"Ga Orville, mai lamba sha bakwai."
Haƙora farare tas
a fuskar da ta sha baƙin mai.

A kwana ta uku hoton ya karkace:
sama, takalma, ciyawa,
sai fari.

"Ni ke riƙe da kyamarar," in ji ta.
Ta murɗa zaren baya.
Ƙura ta kwanta, taya ta koma gurbinta,
Orville ya sake ɗago hannu.