Tukunyar da Ba Ta Shiga Lissafi Ba

A Suame, bayan layin masu gyaran inji,
nan muke narka alminiyam.
Tsohon fistan, murfin giya, gwangwanin lemo,
wuta ɗaya ke cinye su
su fito tukwane, daga mai cin mudu biyu
har wadda ake dafa shinkafar suna a Aboabo.

Ran Talata Madam Oforiwaa ta zo
da farar hula da na'ura mai dogon baki.
Ta zura bakin a bututun hayaƙi
kamar likita na duba maƙogwaro,
ta rubuta, ta ƙara rubutawa.

Ta ce, hayaƙinku za a raba shi
a kan kowane tan na abin da kuka ƙera,
amma fa wanda zai sayu.
Abin da ba ya sayuwa ba kaya ba ne.

Maigida Ɗantsoho ya zare tabarau.
Ya ce, to Madam, mene ne mai sayuwa?

Dubi wannan, ta fito da huda a gindi, kamar ta allura.
A Kejetia ba mai taya ta.
Amma Inna Lantana mai koko ta ba ni sidi talatin,
gawayi take zubawa a ciki.
Kaya ce, ko ba kaya ba?

Ga kashin ƙarfe can, tuli guda bakin kwata.
Shekara bakwai sunansa shara.
Bara wani ɗan kwangila ya zo da tifa,
ya ce zai cike ramukan hanya, ya biya.
In na ɗora shi a sikeli
tan ɗina ya yi ƙiba,
hayaƙina ya rame a takarda,
bututu kuwa bai san an yi ba.

Ba ta yi dariya ba.
Ta nuna masa layi na huɗu da biro:
sai wanda ya cika ma'auni,
ya fita ƙofa da rasit.

Ni ke riƙe da littafin.
Ni na san tukunyar da ta tsage ta koma wuta,
ta sake tsagewa, ta sake komawa.
Sau uku ta sha baƙin mai,
sau uku ta yi tari sama,
sau ɗaya tak zan rubuta ta.
Sauran biyun suna ina?
Suna kan shanyar matata,
ɗigo-ɗigo a farar rigar makarantar Sakina.

Washegari maigida bai gai da kowa ba.
Ya sa aka tankaɗe yashin zubi sau biyu,
ya tsaya a kan yara har azahar.
Tukunya arba'in muka zuba.
Uku suka tsage.
Jiya tara ne.

Na lashi bakin fensir,
na rubuta talatin da bakwai.