Ƙayar Kifi

Ni ce Damaris mai banda,
rumfata ta uku daga bakin ruwan Lagdo,
inda jirage ke sauke ƙarfasa da giwan ruwa
tun rana ba ta wanke ido ba.
Shekara sha tara ina juya kifi a kan waya,
hayaƙi ya kama zanena, ya kama muryata.
Ko ido a rufe na san kifin jiya.
Abu ɗaya ya gagare ni juyawa kafin ya ƙone:
harshena.

Ran Alhamis Filimon, ɗan marigayiya ƙanwata,
ya yi tuntuɓe da igiyar jirgi.
Kwando ya kife, tarwaɗa ta sha yashi.
A gaban 'yan dako da masu ƙanƙara na ce,
"Hannun banza! Abin da ka taɓa ba ya albarka."
Bai yi kuka ba. Da ma ya yi.
Durƙusawa ya yi yana tsincewa ɗaya ɗaya,
yana hure musu yashi kamar za su ji zafi.

Bokiti biyu suka wanke kifin.
Maganar fa? Har tafkin nan ya yi mata kaɗan.
Da dare ya ci tuwonsa yana kallon bango.

Lahadi na ɗaura ɗankwalin zumuntar mata,
na buɗe baki zan ja waƙa,
sai ta tokare ni a nan, ƙaya a maƙogwaro,
ba ta haɗiyuwa, ba ta tofuwa.
Ya Yesu, da wane bakin?
Kai da aka tofa wa yawu ba ka rama ba,
kai da ka hura gawayi a bakin tafki da asuba
ka gasa kifi wa mutumin da ya yi musun saninka,
ba ka fara da gori ba, da karin kumallo ka fara.
Ni kuwa kwando ɗaya
na auna shi da maraya, na ce kwandon ya fi.

Tunda an fara tonon, bari a kai ƙasa.
Akwai kwalin da na ɗaure wa Hajja Dudu ta Gaundere:
manya a sama, suna sheƙi,
a ƙarƙashi waɗanda tsutsa ta fara leƙawa.
"Duk ɗaya ne, 'yar'uwa," na ce, har da murmushi.
Ga ɗaci ga yaro, ga zuma ga mai kuɗi,
ashe duka biyun ƙarya ce,
daga tukunya ɗaya na ɗebo su.

Litinin, kafin motar kaya ta tashi,
na yanke igiyar kwalin, na zazzage shi a tabarma.
Jaka uku suka tafi.
Na kira Hajja na faɗa mata.
Ta yi shiru, har na ɗauka kuɗin waya ne ya ƙare,
sannan ta ce, "To. Mako mai zuwa kwali biyu."

Na yaron ne ya fi nauyi.
Na same shi yana faskare a bayan rumfa.
Na ce, "Filimon, ƙarya na yi maka ran Alhamis.
Hannun nan ne ya jiƙa mini tsumma
daren da zazzaɓi ya so tafiya da ni.
Ka gafarce ni."
Gatari ya tsaya a sama.
Ya sauke shi a hankali, ya goge hanci da gwiwar hannu,
ya ce, "Inna, itacen ɗanye ne, zai yi hayaƙi."
Muka hura tare, idanunmu na ruwa,
kowa ya bar wa hayaƙin laifi.

Ubangiji, ban warke ba, ka sani.
Jiya ma na ji ta taso don wani ɗan acaɓa,
na cije ta da kyar, har leɓe ya yi jini.
Ka tsaya mini a bakin waya kowace safiya,
ka rage mini wuta,
ka sa ƙasan kwalina ya zama kamar samansa.