Abin da Ke Ƙarƙashin Sirdi

A shinge na huɗu take kafewa.
Na fari ta haye, na biyu ta haye,
na uku da ƙyar, kofato na ƙwanƙwasa sanda,
na huɗu sai ta dasa ƙafafu a laka,
ni kuwa in wuce ta saman gezarta,
in tashi bakina cike da ƙasar Skibbereen.

Goɗiya ce bidi, Dreolin sunanta.
Bara iska ce, bana turjiya.
Na ce taurin kai ne, na ƙara ƙaimi.
Na ce ƙoshi ne, na rage hatsi.
Linzami uku na canja kafin hunturu ya fita,
ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ranar Talata, ana yayyafin nan na Ailan
da ba ya sauka, ba ya ɗaukewa,
Malachy Hourihane ya zo ɗinke majayi,
tsohon baduku, yatsunsa baƙi da kakin zare.
Ya jingina da ƙofar barga yana kallo
har na faɗi faɗuwata ta ranar.
Bai yi dariya ba. Ya ce, Neasa, sauke sirdin.

Na sauke. Na yaye shimfiɗar da ke ƙasa,
shuɗiya, mai kauri kamar katifa, bakinta ruwan zinariya.
Albashin mako guda na zube a Dublin
na saya mata, don ƙauna.

Bayanta sharkaf da gumi, tururi na tashi,
sai wuri biyu, dama da hagu, bayan kafaɗa,
busassu ƙayau, faɗin tafin hannu.
Ya ɗora babban yatsa, bai ko danna sosai ba,
fatar ta yi rawa, baya ya lotsa,
kunnuwa suka kwanta, wutsiya ta sari iska.

Ya ce, takalminki daidai ƙafarki yake?
Na ce daidai.
To sa safa uku a ciki, ki yi min tsalle in gani.
Sirdin nan ni na auna shi, ba shi da laifi,
ke kika cika masa ciki har ya zama awartaki.
Tashi sama ba ya mata ciwo,
dirowa ce: ke da sirdi da nauyinta
duk ku tattaru a kan wurin nan biyu.
Sau uku take haƙuri.
Na huɗun lissafi ne, ba rashin kunya ba.

Na tsaya da shuɗin abin a hannu,
ruwa na ɗiga daga rufin kwano.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ita ta sani tun kaka,
da kunne ta faɗa, da wutsiya ta faɗa,
ni ina amsa mata da bulala.

Mako uku ba hawa.
Ciyawa, ruwan ɗumi, hannuna a bayanta da yamma.
Sannan ƙyallen auduga siriri,
da guntun buzun tunkiyar Beara a inda ƙashi ke kusa.
Malachy ya nuna min yadda ake ɗage shi
ya shige kogon sirdi, kada ya danne tozo:
in yatsu uku ba su shiga ba, kwance ki sake.

Ran da muka koma fili
cikina ya ɗuri ruwa tun daga na uku.
Ita ko a jikinta.
Ta miƙa wuya, baya ya lanƙwashe kamar baka,
na ji shi yana tasowa a ƙarƙashina,
abin da na manta doki na yi.
Muka dira can, shiru, sanda na nan inda take.

Shuɗiyar yanzu karen barga ke kwana a kai,
shi kam ta yi masa daidai.
Amma da bazara, da sabon gashi ya fito,
wurin nan biyu fari suka tsiro, fat,
kuma Malachy ya ce ba sa komawa.
Kullum da safe, kafin in ɗora komai,
nan nake fara kai hannu.