Layin Shuɗi

Shekara arba'in da ɗaya Deolinda ke shafe gidan nan,
kowace shekara, kafin ranar Alentejo ta fara cizo.
Ni dai in tafi gonar zaitun, in dawo in tarar
bango ya yi fari fat kamar ƙwan da aka saka yanzu,
in ce madalla, in nemi abinci.
Na ɗauka farin daga jikin bangon yake tsirowa.

Bana hannun damanta ya kwanta, bai tashi ba.
Likitan Beja ya ce sai haƙuri.
Ita ta ce a fito mata da kujera gindin lemo,
ta nuna mini garwa da haɓa.

Ashe farar ƙasa ba abar wasa ba ce.
Na zuba mata ruwa, ta tafasa babu wuta,
ta yi huci, ta tofo mini a gira.
Deolinda ta yi dariya da rabin baki,
rabin da ciwo ya bar mata,
ya kuwa ishe ni.

"Kankare tukuna, Gervasio."
Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ɓawo ya dinga zubowa irin na albasa,
wani a bayan wani:
ga siririya, ta shekarar da rijiya ta ƙafe,
ga mai kauri, ta bikin Filomena,
ga wata an yi ta a gurguje, duk sawun buroshi.
Ban tambaya ba. Na san ta.
Shekarar da muka binne Abilio ce.
Har a wannan shekarar ta shafe bangon nan.
Ni ina ina?

Ermelinda ta leƙo ta kan katanga:
"Yau namiji da buroshi! Lallai za a yi ruwa da ƙanƙara."
Na ce ta ara mini tsani, ta rage surutu.
Ta kawo tsanin, surutun ma ta taho da shi.
Ƙafarsa ɗaya gajera ce, na tokare ta da tubali,
na hau, mata biyu suna ba ni umarni daga ƙasa,
wannan ta ce dama, waccan ta ce hagu,
ruwan farar ƙasa na bin hannuna har hammata.

Sai layin shuɗi na gindin bango.
Wasu sun ce ƙwari yake kora, wasu sun ce mugun ido.
Ita da ka take jan sa, ba awo, ba zare,
ya fito miƙe kamar an harba kibiya.
Ni na kafa ƙusa biyu, na ɗaura igiya,
na auna, na sake aunawa,
amma da na zo wajen ƙofa ya kumbura,
kamar macijin da ya haɗiyi kwaɗo.

Na ɗauko wuƙa zan kankare.
Ta ce, "Bar shi.
Nawa na farko ya fi wannan karkata.
Uwarka tana zaune nan inda nake, ta ce in bar shi.
Yana can ƙasa, in ka ci gaba da tono za ka same shi."

Da yamma bangon ya yi toka-toka, duk dabbare,
na ce na ɓata miki gida.
Ta ce ɗanya ce, ka ba ta dare ɗaya.

Tafukana sun tsage, suna raɗaɗi.
Ta ce in miƙo.
Ta tsiyaya man zaitun da hannun hagu,
rabi ya zube mata a cinya,
ta murza mini yatsa ɗaya-ɗaya, ba ta gaggawa.

Da asuba na riga zakara fita.
Na tsaya a tsakar gida da silifa ɗaya
ina jiran rana ta hau kan bangon.
Daga ɗaki na ji muryarta:
"Garwar fa? Ka wanke ta jiya, ko ka bar ta ta bushe?"

Na bar ta ta bushe.